Dillalin da Za Ka Amince wa

Kafin ka biya kuɗin fili a Kano, lura da dillalin da ya kawo ka. Nagari yakan faɗi la'adarsa tun farko, ya haɗa ka da mai filin gaban mai unguwa da shaidu. In ka ce a je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar, a tantance takardu, shi zai riga ka tashi. Wanda ya ce "wani zai biya yau", ja da baya.

Na fi yarda da wanda zai ce ka dawo da damina ka ga inda ruwa ke kwanciya. Filin gado kuwa, sai ya tara magada duka, har mata, kowa ya sa hannu.