Gado da Garkuwar Jiki: Dalilin Bambancin Majiyyata

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen darasi zan yi ƙoƙarin amsa wata tambaya da ta daɗe tana damun likitoci. Mutum biyu su kamu da cuta iri ɗaya, a ba su magani ɗaya, amma ɗaya ya tashi, ɗayan kuwa ƙodarsa da huhunsa su daina aiki. Me ya kawo haka?

Ma'anar Kalmomi

Da farko, ya kamata ɗalibi ya riƙe kalmomi uku. Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin gado kuwa su ne umarnin halitta da ɗa ke samu daga uwa da uba. Sefsis kuma shi ne halin da garkuwar ke rikicewa wajen yaƙin, har ta koma tana ɓarna ga ƙoda da hanta da huhu. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 11 ne suka rasu ta dalilinsa a duniya a shekarar 2017.

Hannun Gado

Masu iya magana kan ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A shekarar 1988 an buga wani bincike na ƙasar Denmak a kan 'ya'yan riƙo. An gano cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta jini ta rasu da cuta mai ƙwayoyi kafin shekara 50, haɗarinsa na mutuwa da irin wannan cuta ya ninka kusan sau 6. Rasuwar mariƙinsa kuwa ba ta nuna haka ba.

Haka kuma a shekarar 2016 masana a Jami'ar Oksfod sun raba masu sefsis gida biyu bisa yadda ƙwayoyin gadonsu ke aiki. Waɗanda garkuwarsu ta yi sanyi sun fi mutuwa cikin kwana 14 na farko.

A shekarar 2020 aka danganta ƙwayar gado mai suna TYK2 da tsananin cutar korona. Wannan ya ƙarfafa gwada maganin ciwon gaɓoɓi, baricitinib, wanda a 2022 aka tabbatar yana rage mace-mace.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, akasarin waɗannan bincike-bincike a kan Turawa aka yi su, alhali kuwa 'yan Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado. Ina ganin aikinmu na ɗaliban harshe shi ne samar da kalmomin da likita zai bayyana wa dangin majiyyaci wannan ilmi da su.