Baffana ya kira ni ɗan dako a gaban mutane

  Malam, ni ɗan Diggi ne a ƙaramar hukumar Kalgo, jihar Kebbi, shekaruna 27. Bayan rasuwar mahaifinmu na fita cin rani, ƙafa ta kai ni wani filin wasan golf a birni, wasan nan da wasu 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Shekara tara ke nan ina kadi, wato ina ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna. Amma ban tsaya ga ɗaukar jaka ba. Duk ranar da aka bar mu muka buga ina bugawa, har Allah ya sa hannuna ya faɗa. Yau akwai manyan mutane masu mota da direba, waɗanda in ƙwallonsu ta riƙa karkacewa ni suke ja gefe in gyara musu riƙo da tsayuwa. Shi ya sa na ƙudurta in ajiye jaka in zama mai koyarwa.

Da Babbar Sallah na je gida da maganar aurena da 'yar Baffana, wadda tun muna yara aka ce tawa ce. Na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi, ga mutane sun kai goma, har da ƙannena. Ya tambaye ni sana'ata. Na fara bayani, ban kai ko'ina ba ya ɗaga hannu ya ce ya riga ya ji labari, dako nake yi wa masu kuɗi suna wasansu, kuma shi ba zai ba ɗan dako 'yarsa ba alhali ga fadamar ubana a kwance. Malam, aka yi dariya. Ƙanena da na saya wa waya da kuɗin wannan dakon, na gan shi ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Baffa bai taɓa ganin filin nan da idonsa ba. Takin da aka zuba wa shinkafarsa bara, da maganin Inna lokacin da aka kwantar da ita a Birnin Kebbi, duk daga jakar nan kuɗinsu suka fito, kuma a lokacin ba wanda ya ce kuɗin dako ne. Da a ɗaki ya kira ni ya faɗa mini, wallahi da na shanye. Amma a zaure, gaban yaran da nake ciyarwa. Wata biyu ke nan, in na saɓa jaka sai kalmar ta dawo mini a kunne.

Yanzu ina tunanin sayar da rabona na fadama in sayi cikakkun sanduna da kayan koyarwa. Wani abokina kuma ya ce in share fili kusa da Kalgo in fara koya wa malamai da ɗaliban jami'a. Ko kuwa in haƙura da yarinyar in daina zuwa gida? Malam, ta yaya zan nuna wa Baffa cewa ni ba ɗan dako ba ne?

Ɗanka, daga Diggi.

Ɗana, na karanta wasiƙarka. Baffanka ya yi kuskure da ya faɗa maka wannan magana a gaban ƙannenka. Babba ba ya kwance wa ɗansa zane a kasuwa, balle ɗan da ke tura kuɗin taki da na magani.

Sai dai tambayarka ta ƙarshe ta dame ni. Kana so ka nuna wa Baffa kai ba ɗan dako ba ne, alhali shekara tara kana ɗaukar jaka ana biyan ka. Dako ne mana, kuma halal ne, da shi aka yi jinyar Inna. Abin da na lura shi ne kai kanka kana jin kunyar aikin, shi ya sa kalma ɗaya ta hana ka barci wata biyu. Na sha faɗa a wannan fili cewa ciwon da ke kashe matasanmu shi ne raina matakin farko na sana'a. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen da jakar wasu ya fara tun yana yaro, ya zo ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1979. A Najeriya ma, da yawa daga cikin ƙwararrun da ke koyarwa a filayenmu kadi ne suka taso.

Kuma wasiƙarka ta yi tsawo a kan zaure, ta yi shiru a kan sana'ar. Ba ka gaya mini handikaf ɗinka nawa ba, wato lambar da ke nuna matsayin bugunka. Ba ka ce bugu nawa kake gama ramuka 18 da shi ba, ko gasa nawa ka shiga. Mafi girma, ba ka ambaci sunan malaminka ba ko sau ɗaya. A ƙasar Hausa maƙeri yana da wanda ya yaye shi, haka ɗan tireda, haka mai ɗinki. Kai wa ya yaye ka? Alhazan da ke jan ka gefe suna yaba maka ba su isa su ba ka shaida ba, domin su ma koyo suke. Iya bugu kuma daban yake da iya koyarwa. Hannunka ya san abin da yake yi, to bakinka zai iya fayyace shi ga dattijo mai ciwon baya, da yarinya 'yar shekara goma, da bahago, kowa da irin bayanin da zai gane? Wannan sai an zauna gaban wanda ya daɗe yana yi.

Akwai wata doka da nake so ka sani kafin ka karɓi ko naira ɗaya da sunan kuɗin darasi. Hukumar R&A da ke garin St Andrews a Sikotlan, ita da takwararta ta Amurka, su ke tsara dokokin wasan, kuma sun hana ɗan wasan da ba ƙwararre ba karɓar kuɗi don koyar da bugu, in ban da 'yan wurare kaɗan da suka keɓe. Wanda ya karɓa ya fita daga sahun masu wasan sha'awa, ga shi bai shiga sahun ƙwararru ba. Sai ka zama jemage, kai ba tsuntsu ba, kai ba dabba ba. Ƙofar da ake bi ita ce ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Najeriya, PGA, wadda ke tantance masu son shiga. Ka je wurin furo na filinku, wato ƙwararren da kulob ya ɗauka, ka rusuna masa kamar yadda ka rusuna wa Baffa, ka roƙe shi ya ɗauke ka yaronsa. Ka tsaya bayansa yana koyarwa, ka koyi gyaran sanda da dokokin wasa, ka tambaye shi sharuɗɗan tantancewa na bana. In ya ce bugunka bai kai ba, ka yarda da shi, ka ƙara shekara.

Kada ka ɗauka koyarwa ƙaramin matsayi ne. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya yi zaman koyarwa a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo lokacin da ba wanda ya san shi. Ya zo Legas ya ci gasar Nigerian Open a 1988, ya sake ci a 1989, a 2004 kuma ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods. Ban kawo shi don in ce za ka zama shi ba. Na kawo shi ne don ka ga tsawon hanyar.

Fadama kuwa, kada ka kuskura ka sayar. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki fiye da sanda 14 a jaka ba, kuma na hannu masu kyau suna samuwa wurin 'yan kulob da ke sauya nasu. Wannan bai kai a rabu da gadon uba ba. Filayen wasan nan 'yan kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke: Rayfield na Jos tun 1913 zamanin Turawan kuza, na Kaduna tun 1921, na IBB a Abuja tun 1991, sai na Kano da Zariya da wasu tsiraru. Guraben masu koyarwa ba su da yawa, kuma in damina ta kankama ko kuɗi ya yi wuya a hannun manya, darasi ne farkon abin da suke yankewa. Ƙasar shinkafa a Kebbi kuwa kullum daraja take ƙarawa. Ka ba ƙanenka ya noma rabonka, ku yi yarjejeniya gaban shaidu, buhunan da suka fito su riƙe ka a shekarun koyo. Da wannan ka toshe rabin hujjar Baffa, tunda kukansa fadama a kwance take.

Sauran rabin kuma tsoro ne irin na uba. Yana son sanin me 'yarsa za ta ci, a ina za ta kwana, wa zai tsaya maka in aiki ya tsaya. Ka rubuta abin da kake samu a wata, na rani da na damina, ba ƙari ba ragi. Ka kai wa Kawunka ko limamin unguwarku, su je wurin Baffa bayan sallar isha'i lokacin da zaure ya watse, su nemi ya ba ka wa'adi na shekara ɗaya ko biyu. Kai kuma kada ka ɗauke ƙafa daga gida, kada ka yanke aiken da kake yi, kada ka yi wa ƙanenka gorin waya.

In ka ga furo ɗin naku, ka sake rubuto mini. Ka faɗa mini handikaf ɗinka da abin da ya ce maka.