Gudu da Hutu: Faɗakarwa ga Iyayen Matasa Masu Ƙiba

Ya ku iyaye da malaman makaranta, ku sani cewa ƙibar da muka saba ɗauka alamar wadata da jin daɗi, idan ta wuce haddi a jikin yaron da bai gama girma ba, nauyi ce da ake ɗora wa zuciya tun ba ta ƙosa ba; domin kuwa duk tsokar da ta ƙaru sai an kai mata jini, zuciya kuma, wadda take tura kimanin lita 5 a kowane minti ko da mutum yana kwance, dole ta ƙara himma dare da rana, har bangonta ya yi kauri, jijiyoyi su taurare, hawan jini da ciwon sukari su sami ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1990 kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya zarce ƙima, amma a 2022 sun kai kashi 20.

To, akwai wata dabara ta motsa jiki wadda asalinta daga Jamus ne, inda wani mai horar da 'yan tsere, Gerschler, da wani likitan zuciya, Reindell, suka tsara ta: a yi gudu mai tsanani na ɗan lokaci, a sassauta har bugun zuciya ya sauko, sa'an nan a sake. Daga baya masana a jami'ar Trondheim ta ƙasar Norway suka daidaita ta haka: bayan an ɗumama jiki na minti 10, a yi minti 4 ana ƙoƙari har magana ta yi wuya, a bi shi da minti 3 na tafiya a hankali, a maimaita sau 4. Da suka jarraba ta a kan matasa masu ƙiba, sau biyu a mako har wata uku, sai aka ga zuciyarsu ta ƙara ƙarfin turo jini, numfashinsu ya ƙara tsawo.

Hikimar abin tana cikin hutun nan, gama yaro mai jiki, wanda in an ce ya yi gudun rabin sa'a ba tsayawa zai karaya tun ba a je ko'ina ba, yana iya daure minti huɗu muddin ya san sauƙi na tafe. Ni a ganina ma, wanda ya taɓa kallon samari suna langa a dandali ya riga ya ga irin wannan tsari, sai dai ba agogo. Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne, zuciya takan gyaru tun kafin ma'auni ya nuna raguwar a zo a gani. Saboda haka kada a yanke hukunci da sikeli, kada kuma a yi wa yaro gori, don gori shi ke mayar da shi ɗaki.

Wajibi ne likita ya fara duba yaron, musamman mai asma ko wanda a danginsa akwai ciwon zuciya. A zaɓi sanyin safiya bayan asuba ko kuwa bayan la'asar sakaliya, a tanadi ruwan sha. Wanda gwiwa ke damunsa ya hau keke maimakon gudu. In kuwa ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.