Yadda Ake Gina Ɗakin da Za a Iya Kwana Cikinsa a Bazarar Shinkafi

A watan Afrilu, bayan sallar isha'i, gidaje da yawa a Shinkafi a tsakar gida suke shimfiɗa. Zafin rana ya haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano ya sha shi wuni guda, bango kuma sai bayan magariba yake fara amayo abin da ya haɗiya. Fanka, in an dace da wuta, iska mai zafi kawai take juyawa. Mutum ya zuba dukiyarsa ya gina ɗaki, ga shi wata uku a shekara ba ya kwanuwa. A halin tsaron da arewacin Zamfara ke ciki kuwa, ba kowa ke kwanan waje da kwanciyar hankali ba. Maganin abin tun kafin a haƙa tushe ake fara shi, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfin aljihun talaka ba.

Mai fili ne ke yin aikin farko. Ya je filinsa da hantsi, ya koma da la'asar, ya lura da inda rana ke dukansa. Iskar wannan yanki sananniya ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas da ƙurarsa. Da damina iska mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ke riga sauran zaizayewa. Ranar la'asar ita ce muguwa, domin tana samun bangon yamma ne bayan gari ya riga ya ɗau zafi. Don haka a shimfiɗa ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajerun su karɓi rana. Kusurwar yamma ta ɗakin ajiya ce ko banɗaki, ɗakin kwana ya matsa ciki.

Sai batun ruwa. Wanda filinsa ke kusa da fadamun kogin Bunsuru ko Gagare ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwan Agusta ke kwanciya, ya ɗaga daɓensa sama da titi, ya kuma fitar da kwata kafin a yi katanga.

Daga nan a zauna da magini a zana gidan, ko da a ƙasa ne da tsinke. Tsarin gado na zaure, ƙofar gida, shigifa da tsakar gida an yi shi don sutura, amma yana da wani aikin: tsakar gida ita ce huhun gida, da dare sanyi ke taruwa a cikinta ya shiga ɗakuna. A shekarun nan 'yan uwa da dama sun baro ƙauyuka sun dawo Shinkafi da Kaura Namoda da Zurmi, ana ta tsaga ɗakuna a tsakar gida don a sauke su. Wannan zumunci ne da ba a ƙi ba, sai dai a jera sababbin ɗakunan a gefe guda, a bar wa iska hanya. Madafa ta fi dacewa a kudu maso gabas ko arewa maso yamma, inda iskar rani da ta damina duk ba sa kai hayaƙi ɗakunan kwana. Masai ya nisanci rijiya da mita 30 in fili ya isa, kada dai ya gaza 15, kuma kada ya fuskanci alƙibla.

Bango shi ne inda ake yawan gardama. Ginin tubali na da, wanda ake kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa a busar da rani, kaurinsa daga ƙasa yakan kai rabin mita ko fiye, yana sirancewa zuwa sama. Zafi yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa irin wannan bango, shi ya sa zauren ƙasa ke da sanyi da azahar, da asubar hunturu kuma ga ɗumi. Bulo inci 6 ba ya iya haka. Wanda ya zaɓi siminti ya sa inci 9 a bangayen waje, musamman na yamma, ya shafe su da farin fenti. Wanda ya zaɓi ƙasa ya yi tushe da dutse da siminti har sama da inda ruwa ke fantsama, sannan ya dinga sabunta yaɓe. Magabata da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Filastar siminti a kan bangon ƙasa takan rabu da shi, ruwa ya shiga tsakani ya ci ginin a ɓoye.

Masu ganin ginin ƙasa alamar rashi ne su leƙa makwabta. A Yaama, cikin jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, a Nijar ɗin dai, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji. Zafin can bai gaza na Shinkafi ba.

Rufi ne ya fi komai cin tunani, domin ta sama mafi yawan zafi ke shigowa. Soro na azara da ƙasa yana tare rana sosai, amma azarar giginya ta yi wuya, tsawon da take iya ɗauka ba tare da tallafi ba bai wuce kimanin mita 2 ba, sai gwani ya yi bakan gizo ko ɗaurin guga kafin a sami ɗaki mai faɗi. Ga kuma yoyo idan indararo ya toshe. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, ya kwashi gyaɗa da auduga, kayan kanti suka sami hanya, sannu a hankali kwano ya mamaye garuruwa. Ya kashe yoyo, ya kawo gumi.

Dabarar da ta haɗa amfanin biyun tana nan a idon kowa: masu soro kan ɗora kwano a kai don gudun gyaran kowace shekara. Abin da ake mantawa shi ne barin rata. Idan kwano ya ɗaga sama da soro ko silin, gefensa kuma a buɗe, iska za ta ratsa ta kwashe zafin kafin ya sauko. Haka mai zanen gini Francis Kéré ya yi wa makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, shi ne kuma ya ci kyautar Pritzker a 2022. A gidan bulo, silin ya kai tsayin mita 3 daga daɓe, a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin rufi ta fuskoki biyu masu kallon juna, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Bakin kwano ya zarto bango da kamar kamu ɗaya da rabi don ya yi wa taga inuwa. Kwano mai duhu da ake yayi yanzu yana da kyan gani daga titi, amma mai haske ya fi shi mayar da rana. Kafinta kuma ya ɗaure katakon rufi da rodin da aka binne cikin lintal, domin guguwar farkon damina, a Mayu da Yuni, ba ta raga wa ƙusa kaɗai.

Taga ɗaya ba ta shigo da iska. Sai ta sami mafita sannan take shiga. Kowane ɗakin kwana ya sami biyu a bangaye daban, ta kudu babba kuma ƙasa-ƙasa, ta arewa ƙarama can sama, tunda iska mai zafi sama take tashi. Tagar gilashi mai zamewa rabinta kawai ke buɗewa, mai marfi ko luba kusan duka. Kada katanga ta manne wa taga, a bar tazarar da mutum zai wuce a sake. Wannan magana ta shafi lafiya kai tsaye. Annobar sanƙarau da ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu har an lissafa mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu. Cunkoso a ɗaki marar iska lokacin ƙura da zafi yana cikin abubuwan da ke taimaka wa cutar yaɗuwa.

Da hunturu sai a juya lissafi: a rufe tagogin arewa da gabas, a bar na kudu a ɗan buɗe. Kaskon garwashi a ɗaki rufe ruf yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa cikin barci, haka ma hayaƙin janareta. A ji ɗumi a fitar da kasko kafin a kwanta. Janareta kuma a gina masa rumfarsa nesa da tagogi.

Wanda ya riga ya gina bai makara ba. Ya fara da fasa ƙofofin iska a saman bango da ƙarƙashin rufi, ya sa silin in babu, ya kafa rumfar zana a jikin bangon yamma. Tsakar gida kada a malale ta da siminti gaba ɗaya, domin daɓen yana riƙe zafi har tsakar dare, yashi kuwa da an yayyafa masa ruwa da yamma ya huce. Mai shirin sa sola ya binne bututun wayar fanka kafin filasta. Darbejiya a dasa ta yamma da ɗakuna, taku shida ko bakwai daga bango saboda saiwa, a damina ta farko da aka sayi fili, a kewaye ta da ƙaya don awaki. Gini a nan yakan ɗauki shekaru ana tara bulo kaɗan-kaɗan, kafin a kai ga tarewa ta riga ta fara inuwa.