Darasin da Tarihin Madatsun Ruwa Ya Koya Mana

Wasu na cewa tarihi haddar shekaru ne kawai don cin jarabawa. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun ce a'a, kuma ga hujjarmu.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke bi ta magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa, alkama da tumatir da rani. Wannan alheri ne babba. Amma masu bincike sun bi sawun ruwan har ƙasa, suka gano cewa ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Masunta, makiyaya da manoman can suka shiga wahala, daga baya ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

A Bakolori kuma, kusa da Talata Mafara, manoma sun rasa gonakinsu ba tare da isasshiyar diyya ba. Da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu a 1980, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka da dama.

Me ya sa muka san duk wannan? Saboda an je an tambayi mutanen da abin ya shafa, an duba takardu, an rubuta. Irin wannan bincike ya taimaka wa jihohi shida da ke amfani da kogunan Haɗeja, Jama'are da Yobe suka zauna a Damaturu a 2006 kan yadda za a raba ruwa. Haka kuma shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa muhimmanci wajen gyaran magudanai.

Darasin shi ne: kafin a gina wani babban aiki, a tambayi na sama da na ƙasa, a biya diyya kafin a karɓi gona.

Mu ma muna da aikin yi. Mu tambayi kakanninmu yadda ake noma kafin zuwan Tiga, da wanda ya samu fili da wanda ya rasa. Mu rubuta a littafi mu kawo ƙungiya. Waiwaye adon tafiya ne.