Yadda Malami Daga Babura Zai Kama Aikin Koyar da Ƙananan Yara a Nijar

Shawarar da aka fi ba matashin Babura ko Roni da ya gama NCE a Gumel bai samu gurbi ba ita ce ya tsallaka Magarya ko Damagaram, wai ai duk Hausa ake ji, kuma makarantun kuɗi na neman mai Ingilishi. Batun neman mai Ingilishi gaskiya ne, musamman tun watan Maris na 2025 da sabuwar dokar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Zancen "ai gida ne" kuwa shi ke jefa mutane cikin wahala. Kaka na iya kasancewa a Magarya, amma a idon hukuma da mai makaranta malamin baƙo ne, kuma da shirin baƙo ya kamata ya tafi.

Takardu ne farko. Ya yi fasfo a ofishin shige da fice na Dutse, ya karɓi katin rigakafin shawara, ya haɗa da takardar NCE da shaidar rajistar malamai ta TRCN, a fassara su da Faransanci. Kada ya biye wa masu cewa ɗan acaɓa zai bi da shi ta gonaki. Mai zuwa cin kasuwa ya dawo da yamma daban, wanda zai tsaya gaban 'ya'yan mutane wata tara daban. An rufe iyaka a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yuli, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Don haka ya bi ta Babban Mutum a buga masa hatimi, idan ya isa ya tambayi 'yan sandan garin abin da ake buƙata na izinin zama, ya yi shi a makon farko. Dattawan yankin Kazaure ba su manta da malaman Gana da suka cika makarantu bayan shirin ilimin firamare na bai ɗaya (UPE) na 1976 ba. Da gwamnatin Shagari ta ba da umarnin korar baƙi marasa takardu a Janairu 1983, ƙwarewar koyarwa ba ta ceci wanda ba shi da izini ba.

Lokacin neman aiki Agusta ne da Satumba, domin shekarar karatu a Nijar tana farawa a Oktoba ta ƙare wajen Yuni.

Sai albashi, inda ake yawan kuka daga baya. Sefa tana da daraja idan aka canza ta zuwa naira, domin an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, shi ya sa adadin da mai makaranta ya ambata yake daɗin ji a Babura. Amma a can za a ci, a can za a biya haya, da sefa. Kafin ya ce "na yarda", malami ya kwana biyu a garin, ya taya ɗaki, ya tambayi kuɗin tiyar gero da garwar ruwa. Ya kuma koyi lissafin kasuwa, domin da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Mai tumatir ta ce "ashirin", sefa 100 take nufi. Ta ce "ɗari", 500 ke nan. Jaka ɗaya ita ce 1,000. Sabon zuwa kan miƙa kuɗi yana jiran canji, mai kaya kuma tana jiran ciko.

Yarjejeniya a rubuce take zama, da lambobi, da sa hannu da hatimin makaranta. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wata nawa ake biya? Akwai masu makarantar da ke biyan watannin karatu kaɗai, hutun Yuli zuwa Satumba babu ko dala. Wannan ba cuta ba ce idan an faɗa tun farko, hasali ma ya dace da damina, malami ya dawo gida ya yi noman gero da riɗi da zoɓo. Cutar ita ce ya ji labarin a ƙarshen Yuni. A rubuta ranar biya, a rubuta wanda zai ɗauki nauyin ɗaki, a rubuta yawan azuzuwa, don kada wanda aka ɗauka don aji biyu ya wayi gari yana zagaya shida. Takardar da Faransanci za ta zo, saboda haka ya samu wanda ba ma'aikacin makarantar ba ya karanta masa ita layi-layi. Mai makarantar da ya ce, "Haba Malam, tsakaninmu har sai an yi takarda?" a ba shi amsa cikin ladabi: "Alhaji, saboda mantuwa ne da halin rai."

Aji shi ne wurin da ya kamata malami ya fi ɓata lokacin shiri, kuma shi ne abin da masu ba da shawara ba su taɓa ambata ba. Firamare a can aji shida ne, CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, ƙasa da su kuma akwai ajin renon yara. Yara za su kira shi Mushe, malama kuma Madan. Makon farko kada ya koyar da komai sabo. Ya roƙi izini ya zauna a bayan ajin malamin Faransanci, ya kalli yadda ake yi.

Zai ga kowane yaro da ɗan ƙaramin allo da alli da tsumma. Malami ya yi tambaya, ya ƙwanƙwasa tebur, kawuna su sunkuya ana rubutu. Ya sake ƙwanƙwasawa, alluna su tashi sama gaba ɗaya, a kallo ɗaya ya san wanda ya gane da wanda ya leƙa na maƙwabci. Wannan dabara ta fi "kun gane?" da amsar "e" ta taron dangi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya koye ta ya dawo da ita firamaren Gwiwa ya yi wa yara babban alheri. Zai kuma ga littattafan rubutunsu masu ƙananan layuka rututu, da rubutun haɗe-haɗe da ake koya musu tun ajin farko. Idan ya rubuta nasa haruffan a rarrabe kamar na littafi, ƙananan sukan tsaya cak, wasu su ɗauka wani rubutu ne daban. Ya sayi littafi irin nasu da biron Bic mai shuɗi, ya riƙa cika shafi ɗaya kowane dare har hannunsa ya faɗa. A rubutun lambobinsu, ɗaya yana da dogon baki a gaba, bakwai kuma da sanda a tsakiya. Maki a kan goma ko ashirin ake ba da shi, ba a kan ɗari ba. Uban da ya ga 65 a littafin ɗansa ɗan shekara bakwai zai zo neman bayani.

Babban tarko sunayen haruffa ne. Sunan da Ingilishi ya ba harafin e shi ne sunan da Faransanci ya ba harafin i, sannan g da j kusan musayar suna suka yi tsakanin harsunan biyu. Yaro ɗan shekara shida da ya koyi ɗaya da safe, aka zo masa da ɗayan da hantsi, dole ya ruɗe, kuma malamin Faransanci zai ɗora laifin a kan baƙo, da gaskiyarsa. Saboda haka kada a fara da rera jerin haruffa kamar yadda aka saba a Najeriya. A CI da CP a tsaya kan baki: gaisuwa, sassan jiki, launuka, ƙirga, tashi, zauna, buɗe ƙofa, ana faɗa ana yi. Rubutun Ingilishi ya jira sai ƙafar yaro ta kafu a karatun da yake yi.

Hausa kuwa a yi amfani da ita da awo. Umarnin yau da kullum da Ingilishi, bayani mai wuya da rarrashin mai kuka da Hausa. Ya tuna ba kowane yaro Bahaushe ba ne: akwai Barebari da Fulani da Buzaye, a Yamai kuma Zabarmanci ne a bakin da yawa. Kada ya taɓa yi wa yaro dariyar Hausarsa ko ya "gyara" masa ita zuwa ta Kano.

Bulala haramun ce gare shi, ko da ya ga wani na yi. Ɗan gari ya daki yaro, a sasanta a zaure. Baƙo ya daka, magana ta kai ofishin jandarma. Haka nan kada ya keɓe da yaro ɗaya a aji bayan an tashi, kuma darasin gida sai da sanin mai makaranta. Siyasar ƙasashen biyu ma ya bar ta a bakin iyaka, ko a teburin mai shayi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ya kai gaisuwa wurin mai unguwa da limami da ɗan goro a hannu. Ya sayi layin Airtel na can ko Zamani, ya bar na gida a ɗaya ramin wayar. Ya haddace ƙirgar Faransanci zuwa ɗari, domin lambar waya guda takwas ce kuma bibbiyu ake faɗinta, tamanin ma "ashirin huɗu" suke ce mata. Kuɗi a cikin ƙasar ya tura ta Nita ko Amana ya riƙe rasit, canji kuma kada ya yi shi duka rana ɗaya.

Kafin ya tafi hutun ƙarshen shekara, tun yana shiri da kowa, ya karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar farawa, azuzuwan da ya riƙe, sa hannun darakta da hatimi. Da ita zai nemi makaranta mafi girma a Maraɗi ko Yamai. Idan ya ƙara digiri a kai, tana cikin abin da zai nuna wa shirin TAC na gwamnatin tarayya, wanda tun 1987 yake tura ƙwararrun Najeriya aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Ya yi mata hoto a waya, ya ajiye kwafi biyu a gida Babura.