Kwaroron Roba Da Hanyar Ƙauye

Cuta mai karya garkuwar jiki ba ta da maganin warkewa, sai dai na kwantar da ita. Saboda haka ne likitoci suka dage a kan rigakafi. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne kwaroron roba, wanda yake kare matar aure idan mijinta ya kamu, ko mijin idan matar ce. Yana tare ciwon sanyi, yana kuma taimakon ma'aurata wajen ba da tazarar haihuwa.

To, amma ina za a same shi? A asibitin gwamnati kyauta ake bayarwa, a kemis kuwa akwai Gold Circle. Wannan fa zancen birni ne. A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa 'yan bindiga sun sa an rufe ɗakunan shan magani da dama, ma'aikatan sun tsere. Cikin 2021 har aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka katse layin waya na wani lokaci. A 2025 kuma Amurka ta zaftare tallafinta na lafiya.

Sai kuma kunya. Ko da kayan sun iso, yaya magidanci zai buɗe baki ya tambaya, alhali mai kemis ɗin abokin surukinsa ne?